Filin Kimiyya: Ƙwan kaza da numfashin jariri a ciki

Jaririn da ke cikin mahaifiyarsa ba ya shaƙar iska da hanci, to ta ina yake samun oksijin? Ta mabiyiya. Jinin uwa ne ke kai shi can, ya ratsa zuwa jinin ɗan, ya bi igiyar cibiya.

An daɗe da lura cewa matan da ke zaune a kan manyan tsaunuka, inda oksijin ya yi ƙaranci, sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi. Sai gardama ta taso: laifin iskar ne, ko kuwa talauci da rashin abinci mai gina jiki? Ba mai hankalin da zai toshe wa mai juna biyu iska don gwaji, shi ya sa masana suka koma kan dabbobi.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Dino Giussani na Jami'ar Kambirij a Ingila da abokan aikinsa, wadda suka wallafa a 2007. Ƙwan kaza suka zaɓa. Me ya sa? Domin abincin ɗan tsako yana ƙunshe cikin ƙwai tun ranar da aka saka shi, iska kuma ta ƙananan ƙofofin ɓawo take shiga. Ka ga ke nan an cire batun cimar uwa. A ƙasar Bolibiya suka yi aikin: wasu ƙwai suka sa su a injin ƙyanƙyasa a Santa Cruz, gari na ƙasa-ƙasa, wasu kuma a La Paz, mai tsayin kusan mita 3,600. 'Yan tsakin da ke cikin ƙwan La Paz suka tsumbure. Da aka ƙara wa injin oksijin a can saman, sai girmansu ya daidaita. Wani abin mamaki, ƙwan kajin da suka daɗe a tsaunin tun kaka da kakanni sun fi jurewa.

Binciken da aka yi kan tumaki ya nuna abin da ɗan tayi ke yi idan iska ta gaza: yana karkata jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage wa hanji da ƙoda da ƙafafu. Wannan na ceton rai, amma idan abin ya daɗe, jiki ba ya girma yadda ya kamata. A beraye an ga irin waɗannan 'ya'yan da matsalar zuciya da jijiyoyin jini bayan sun girma. Sai dai ku riƙe cewa kaza ba ta da mabiyiya, bera kuma ba mutum ba ne, don haka dole a tabbatar da sakamakon a kan mutane.

Mu nan ba mu da tsauni irin na La Paz, amma ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini da hayaƙin itace ko taba duk suna iya rage oksijin da ke isa ga jariri. Dalilin da ya sa ake auna jinin mai ciki a wurin awo ke nan, a ba ta ƙwayar ƙarin jini da gidan sauro.