Tsibirin Madalen: gaɓar da ba ta karɓar baƙo sai da sharaɗi

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma akwai matafiyin da kan je ya komo da mabuɗin cikin aljihu bai buɗe kome ba. Kowace shekara ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwar Nijar suna sauka Dakar, babban birnin Senegal. Wani taro ne ya kai shi bankin BCEAO, wanda cibiyarsa take can tun 1978. Wani horo ya je yi a ASECNA, hukumar da ke lura da zirga-zirgar jiragen sama. Wani ɗansa ke karatu a Jami'ar Shaihu Anta Jof. Wani kuwa haja ya je sara. Galibinsu daga masauki sai ɗakin taro, daga ɗakin taro sai kasuwar HLM neman shaddar tsaraba. Teku kuwa sai hange ta tagar mota, alhali mutumin Yamai sai ya ci fiye da kilomita 1000 bisa hanya kafin ya ga ruwan gishiri a Kutunu.

Wanda ya bi titin bakin teku na yammacin Dakar, in ya ɗaga kai wajen faɗuwar rana, zai hangi baƙin dutse kwance cikin ruwa, nisan kamar kilomita 4 daga gaɓa. Su ne tsibiran Madalen. Babban ana kiransa Sarpan, sunan da bakin mutane ya karkatar har wasu ke ce masa tsibirin macizai da Faransanci. A 1976 gwamnatin Senegal ta mai da wurin gandun ƙasa, girmansa hekta 45 kacal. Gandun W na Nijar, wanda aka kafa a 1954, hekta 220,000 ne. A 2005 Senegal ta sa tsibiran cikin jerin wuraren da take nema wa shiga kundin gadon duniya na UNESCO.

Ana tashi daga wajen Sumbejun, inda masunta ke sauke kifi da maraice. Baƙo ya biya kuɗin shiga da na jirgi, da sefa irin wadda ke aljihun mutumin Maraɗi, babu canji. Sa'an nan ya sa rigar da ke hana nutsewa, ya shiga kwalekwale mai inji tare da mai tsaron gandun. Tafiyar ba ta wuce rabin awa. Da an matso, sai tsibirin ya miƙe kamar ganuwa: baƙaƙen duwatsu ne da aman wuta ya bari tun zamanin da, tsayinsu ya kai kamar mita 30, igiyar ruwa na dukansu dare da rana. Mashiga ɗaya ce, wata ƴar tsaga tsakanin duwatsu da ake kira Krik Uber. Nan mai jirgi kan rage wuta, ya zuba wa ruwa ido, ya bar manyan igiyoyi su wuce, kana ya kutsa. Ran da teku ta yi fushi ba a zuwa, ko nawa baƙo zai biya.

Bayan tsagar akwai ruwa kwance, garau, mutum na ganin ƙananan kifaye ƙarƙashin ƙafarsa, ga ƴar gaɓa ta tsakuwa da ɓawon dodon koɗi. Babu gida, babu rumfar mai shayi, babu rijiya. Duk abin da mutum zai ci ko ya sha, sai wanda ya zo da shi. Dakar mai miliyoyin mutane tana tsaye can ƙetare, ana ganin dogayen benayenta, amma ƙararta ba ta isowa. Ba a jin kome sai iska da ruwa da kukan tsuntsaye.

Abin da zai fi ba mutumin Damagaram mamaki shi ne kuka. Itacen da ya sani ƙato, mai cika fage, ga shi nan ya zama wada. Iskar teku mai gishiri ta hana shi miƙewa, sai ya kwanta yana rarrafe bisa dutse, rassansa sun bazu kusa da ƙasa. A 1749 wani masanin tsirrai Bafaranshe, Mishel Adanson, ya sauka tsibirin, ya tarar da manyan kukoki da matuƙan jiragen Turawa suka sassaƙa sunayensu a jiki tun ƙarni na 15 da na 16. Bayanin da ya rubuta kan wanga itace ya sa masana suka raɗa wa kuka sunansa, Adansonia, kuma da shi ake kiranta cikin littattafan kimiyya har yau. Ashe miyar da ake kaɗawa a Tawa tana da dangantaka da wannan dutse na tsakiyar ruwa.

Cikin kogunan duwatsun kuma wani farin tsuntsu ke yin sheƙa, mai jan baki da dogayen gashin wutsiya biyu kamar zare. Rayuwarsa bisa teku take, ƙwai kaɗai ke kawo shi tudu, kuma wuraren da yake hayayyafa a gaɓar Afirka ta Yamma ƴan kaɗan ne. Akwai kuma baƙaƙen tsuntsaye masu nutso, waɗanda kashinsu ya shafe kan duwatsu fari fat kamar an yi farar ƙasa.

Me ya hana mutane zama nan, ga shi kusa da birni? Rashin ruwan sha dalili ne. Amma Lebu, masuntan da suka daɗe da zama Dakar, suna da nasu bayani. A al'adarsu tsibirin gidan Lek Dawur ne, iskan da suke ɗauka shi ke tsaron garin, kuma ba ya son maƙwabci. Ana nuna wa baƙo kangon wani ɗakin dutse da aka soma ginawa a ƙarni na 18 ba a gama ba. Kowa da abin da zai ce game da wanga labari, sai dai sakamakonsa a fili yake: tun kafin a rubuta doka, kwarjinin wurin ya hana gatari shiga. Mutanen Damagaram sun san irin wannan, domin sarakunansu na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani bisa wanda ya sare gawo.

Saura gargaɗi, kuma shi ne ya fi kome muhimmanci. Wanda ya koyi iyo a tabkin Madarunfa ko a Gulbin Maraɗi da damina, kada ya ɗauka ya san teku. Tabki kwance yake, gulbi gaba ɗaya ya sani, amma teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a yini, saboda jan da wata ke yi mata. Tsakanin cikowa da janyewa awa 6 ne da ƴan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Ran tsayuwar wata da ran cikarsa abin ya fi ƙarfi. Dutsen da mutum ya zauna bisansa da hantsi yana ɗaukar hoto, da azahar yana iya zama ƙarƙashin ruwa. Igiyoyi kuma ba tsayinsu ɗaya ba. Bayan ƙanana da yawa sai babba ta zo ta share inda ake zaton tudu ne. Don haka ba a ba teku baya. Baƙin dutse jiƙaƙƙe ya fi sabulu santsi, cikin ramukansa kuma akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, wadda ƙayarta kan karye cikin tafin ƙafa. Takalmin roba mai igiya ya fi na fata amfani a nan. Wanka kuwa cikin tsagar kaɗai ake yinsa, inda mai tsaro ya nuna.

Rigar hana nutsewa ba ta rage wa babban ma'aikaci girma, ba ta ɓata wa alhaji babbar riga. Jirgi in ya cika, a jira na baya. Senegal ta sha ɗacin lodi fiye da ƙima ran 26 ga Satumba 2002, sa'ad da jirgin Jola ya kife da mutane fiye da 1800. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya kiyaye waɗannan sharuɗɗa, ya tafi da ruwansa da hularsa, ya komo da sharar da ya yi, bai tsinki ganye ba, bai taɓa ƙwai ba, zai dawo gida da tsarabar da ba a sayarwa a HLM. Shadda takan koɗe, takardun taro sukan ƙare cikin kwaba. Amma yaron da ubansa ya ba shi labarin kukar da iska ta durƙusar, ba ta kuwa mutu ba, zai dubi ta bayan gidansu da wani ido, wataƙila ma ya hana a sassabe ta. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya.