WADAR ZUCI: DARASIN MAI ALLURA DA ZARE

Sunan unguwar Soron Ɗinki, a cikin birnin Kano, yana tuna mana da wata sana'a da ta daɗe a ƙasar Hausa. Mai ɗinki yakan zauna a soro da babbar riga a cinyarsa, yana fitar da aska biyu ko aska takwas da allura, ya yi makonni bai gama riga guda ba. Ba shi da albashi, ba shi da fansho, amma sau da yawa za ka tarar ya fi ma'aikacin ofis sakin fuska. Mun daɗe muna tambayar kanmu dalili, gama mu da ke jiran ƙarshen wata mun san yadda kuɗi ke ƙarewa tun wata bai raba ba, mun kuma san irin baƙin cikin da ke biyo baya.

Mutanen Soron Ɗinki Musulmi ne kaka da kakanni, malamansu kuwa ba su rage kome ba wajen yabon ƙana'a. Yau dai muna so mu leƙa bayan ganuwa, wajen maƙwabtanmu Kirista na Sabon Gari, unguwar da aka kafa wajen shekarar 1913, mu ji abin da addininsu ya koya musu a kan wannan batu. Abin sha'awa, babban malaminsu a kan wadar zuci shi ma maɗinki ne.

Bulus Manzo, mutumin Tarsus, ɗinkin tanti ne sana'arsa. Da ya sauka birnin Koranti, a ƙasar Girka, ya yi shekara ɗaya da rabi yana wa'azi, yana kuma aiki da hannunsa domin kada ya ɗora wa kowa nauyin cinsa. Daga baya aka ɗaure shi. A cikin kurkuku ya rubuta wa jama'ar Filibi wasiƙa, wadda Kirista ke kira wasiƙar farin ciki saboda yawan ambaton murna a cikinta. Ya gaya musu cewa ya ɗanɗana ƙoshi, ya ɗanɗana yunwa, har ya koyi zama da kowannensu ba tare da hankalinsa ya tashi ba. A lura da wannan: koyo ya yi. Watau wadar zuci tamkar ɗinki take, sai an zauna an saba hannu.

Wannan wasiƙa ta samu cikin harshenmu. Likita Mila yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya iso Kano a shekarar 1900, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Mila ya sami wurin zama a Zariya a 1905, aka mai da mishan ɗin Wusasa a 1929, kana aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Cocin Wusasa da ƙasa aka gina shi, irin ginin gidajenmu, ba wani ƙawa. Duk da haka daga wannan ƙaramar jama'a Likita Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, haka kuma Janar Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin bishara, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Lalle ƙaramin gida ba ya hana babban rabo.

To, ta wace hanya Kirista ke koyon wannan hali? Mun ga hanya huɗu. Ta fari, addu'ar da Almasihu ya koya wa almajiransa abincin yini guda ta roƙa, saboda haka mai yin ta kullum yakan rage ɗaukar kayan gobe a kansa. Ta biyu, ba a sa hannu a akushi sai an yi godiya, ko da tuwon dawa ne da miyar kuka, wanda ya saba ƙidaya abin da ya samu kuwa ba ya yawan leƙen tukunyar maƙwabci. Ta uku, ran Lahadi akan ajiye aiki, a taru a yi waƙa, a ziyarci marar lafiya. Ta huɗu ita ce hidima ga mutane. Asibitin ido da mishan ta buɗe a Kano a 1943 ya karɓi Musulmi da Kirista ba bambanci, ma'aikacin da ya ga tsoho ya shigo da ɗan jagora ya fita da ƙafarsa ya sami daɗin da albashi ba ya saye.

Mun san wani zai ce wannan magana ce ta lallashin talaka, domin ya yi shiru a ci haƙƙinsa. Ƙorafin yana da ƙarfi, don an sha fakewa da haƙuri a danne mutane. Amma Bulus ɗin nan da kansa ya tsawata wa masu zaman banza, ya kuma koyar da cewa ma'aikaci ya cancanci ladan aikinsa. Da hukuma ta sa aka yi masa bulala a Filibi ba shari'a, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, sai da mahukuntan suka zo da kansu suka ba shi haƙuri. Malamin makarantar da aka riƙe wa albashi ya nemi abinsa da babbar murya. Abin da wadar zuci ke hanawa shi ne mutum ya jinginar da farin cikinsa ga abin da bai samu ba tukuna.

Nan ne maganar ta shafe mu. Tun zamanin En'e, da ake biya da fam da sule, ciwon ma'aikaci guda ne: yana so a gan shi. A da keke da agogo ne, yanzu mota ce da wayar hannu da bikin da ya fi ƙarfin aljihu. Daga nan sai bashi, daga bashi sai karɓar toshiyar baki, daga nan sai a wayi gari akawu ba ya iya haɗa ido da mai binciken littafin kuɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mutumin da zuciyarsa ta wadatu kuwa da wuya a saye shi, ƙasa tana bukatar irinsa a kowane ofis da kowane aji.

Saboda haka muna kira ga akawuna da malamai, Musulmi da Kirista, kowa ya koma ga abin da addininsa ya koya masa, ya ɗauke shi aikin yau da kullum. A yanka riga daidai da ƙyallen da ke hannu, a gode wa Allah a kan tuwon dare, a kwanta ba fargabar mai bin bashi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya ba mu wadar zuci, amin.