Martani: Fadar ƙasa ba shaidar talauci ba ce

Wani marubuci ya ce tsofaffin hotunan fadar Zazzau da gidajen hakimai ba su nuna komai ba sai laka da ci baya, zankwaye kuma ado ne kawai. Sam, ba haka ba ne.

Wa ya riƙe kyamarar? Turawan da suka shigo Zariya a 1902. Abin da idonsu ya so shi suka ɗauka. Yaushe baƙo ya zama alƙalin ma'anar gidanmu?

In talauci ne, me ya sa Sarkin Zazzau Abdulkarim ya nemo Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a da tubali da azara? Bakan gizon da ya ɗauki rufin nan lissafi ne da gwaninta.

Tsayin soro da kaurin bango sanarwa ce cewa a nan iko yake. Zaure wurin karɓar baƙi ne da sauraron ƙara. Zanko yana ƙara wa kusurwar gini nauyi, yana kuma nuna darajar maigida.

Mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan, ku kai hotunan nan gaban tsofaffin magina su fassara muku kafin a rushe sauran sorayen.