Baƙin mai: kauri ba shi ne inganci ba

A garejojin manyan motoci, daga Yamai har Damagaram, akwai maganar da ta zama kamar doka: tunda Nijar ƙasar zafi ce, inji sai mai mai kauri. Shawarar ta yi wa tsofaffin motoci amfani, amma yau tana cikin abubuwan da ke kashe injinan zamani.

A cikin inji, ƙarfen da ke juyawa ba ya taɓa mazauninsa. Wani siririn shimfiɗin mai ne, wanda bai kai kaurin gashi ba, ke raba su. A sabbin injina wannan rata ta ƙara matsewa. Idan man ya cika kauri, yakan yi jinkirin isa wurin lokacin da aka tada mota, ƙarfe ya ci ƙarfe. Idan kuma ya cika tsinkewa, ga lodi ga zafin watan Afrilu, shimfiɗin ya yanke. Ƙarshen duka biyun ɗaya ne: inji ya buga, mota ta kwana a daji da kayan mutane.

Lambobin da ke jikin galan ba ado ba ne. A 15W-40, lambar farko tana nuna gudun man cikin sanyi, ta biyu kaurinsa idan inji ya ɗau zafi. A ƙarshen 2016 Amurka ta fito da rukuni biyu na man manyan motoci, CK-4 da FA-4. Na biyun ya fi tsinkewa don rage shan gazuwal, kuma ba a yi shi don tsofaffin injina ba. Saboda haka littafin kamfanin da ya ƙera motar ne alƙali, ba yatsan makanike ba.

Sai dai lambar ba ta da amfani idan abin da ke cikin galan jabu ne. Man da ake aunawa a kwalabe bakin hanya ba wanda ya san asalinsa. Ƙura da jinkirin juye kuma suna ƙarasa ɓarnar.

Ya kamata hukumomin kasuwanci su riƙa binciken man da ke shigowa ƙasa, ƙungiyoyin masu sufuri kuma su horar da makanikai kan karanta waɗannan lambobi. Araha ba ta ado: kuɗin gyaran inji ɗaya sun ninka na juye sau da yawa, kuma a ƙarshe talaka ne ke biyansu a farashin shinkafa da siminti.