An Ɗaga Mota, An Bar Shok a Baya

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare tsakanin masu motocin da ke bin hanyoyin karkara a yammacin Kano, kuma lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta, wato ganganci. Mutum zai kai Hilux ɗinsa ko a-kori-kurarsa gareji, ya ce a ɗaga masa ita. A ƙara falle biyu ko uku na sifirin a baya, a cusa zoben ƙarfe a saman sifirin gaba, a sa manyan tayoyi. Mota ta miƙe kamar raƙumi, mai ita ya biya, ya kama hanya yana murna. Shok-abzoba kuwa, wanda direbobi ke taƙaita sunansa zuwa shok, yana nan yadda kamfani ya sa shi, ko ma an maye gurbinsa da wani ɗan Beljiyam da aka tsinto a Ƙofar Ruwa don kawai ramukan ƙusarsa sun zo daidai. An kashe kuɗi a kan abin da ido ke gani, an yi rowa a kan abin da ke riƙe da rai.

Masu wannan aiki suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Wanda duk ya sauka daga kwaltar Kano zuwa Gwarzo da Dayi ya nufi ƙauyukan Kutama ko Getso ko Lakwaya, ko ya ratsa ta Garo da Durun a ƙasar Kabo, ya san abin da ruwan Agusta ke yi wa hanyar burji. Zaizaya ta yanka ta, manyan motoci su bar sawu mai zurfi da tudu a tsakiya, cikin mota ya riƙa gugar ƙasa. Da kaka kuma ga buhunan dawa da masara da gyaɗa da za a kai Dawanau, bayan mota ya zauna har yana neman taɓa taya. Buƙatar tsayi gaskiya ce. Rigimata da yadda ake biyan buƙatar ne.

A fara da abin da yawancinmu, har da masu digiri, muka fahimta a baibai. Shok ba ya ɗaukar nauyin mota. Wannan aikin sifirin ne. Sifirin kuwa ba shi da haƙuri: in aka danne shi sai ya rama, ya yi ta lilo sama da ƙasa har ƙarfin ya ƙare. Shok ne ke kashe wannan lilo. Bututu ne cike da mai, da fistin a ciki mai ƙananan ƙofofi. Duk motsin da taya ta yi, sai an tilasta wa man nan bi ta ƙofofin, ƙarfin tsallen ya rikiɗe ya zama zafi, iska ta kwashe zafin. Ribar wannan ita ce taya ta zauna manne da ƙasa. Tayar da ke sama, ko da na ƙiftawar ido ne, ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Saboda haka mai cewa shok kayan jin daɗin zama ne, ana iya jinkirta sayensa sai an samu sarari, daidai yake da mai cewa birki kayan ado ne.

Yanzu ga abin da ɗagawa ke yi masa. Kowane shok yana da iyaka biyu: tsawonsa in ya miƙe gaba ɗaya, da tsawonsa in ya tsuke gaba ɗaya. Kamfani ya zaɓi tsawon ne yadda in mota na tsaye fistin zai kasance kusa da tsakiya, da sararin hawa da na sauka. Idan aka ɗaga jikin mota da santimita 5 aka bar tsohon shok, an ja shi waje da kusan wannan adadi tun mota ba ta motsa ba. Da taya ta faɗa rami tana neman sauka, sai shok ya kai ƙarshensa ya fizge ta. Ƙarar "kwas" da ake ji daga ƙarƙashin irin waɗannan motoci ke nan, wadda direba ke cewa hanya ce. Fistin ne ke dukan murfinsa, kuma a daidai lokacin tayar tana rataye a iska.

Wasu sun ji wannan, sai suka yi tsalle zuwa ɗaya gefen, suka sayo shok mai tsawo fiye da kima, na wata babbar mota. Wannan ya fi muni. Shok mai tsawon miƙewa yana da tsawon jiki, don haka in aka yi lodi aka daki tudu, shi zai fara tsukewa har ƙarshe kafin aksil ya kai ga robar da kamfani ya sa don tare duka. Nauyin mota da kayanta duka ya sauka a kan sanda mai kaurin ɗan yatsa, da ƙusoshi biyu. Ko sandar ta lanƙwashe, ko mazaunin shok ya ɓalle daga shasi. Idan kuma ya bar aksil ya sauka fiye da da, akwai tiyon birki da aka yanka daidai tsohon tsayi, wanda yanzu shi ne zai riƙa miƙewa kamar tsirkiya.

Maganin duk wannan bai wuce awo ba. A cire shok, a ɗaga mota da jak har taya ta rataya, a auna tsakanin mazaunin sama da na ƙasa. A danne aksil har ya taɓa robarsa, a sake aunawa. Lambobi biyun nan su ne za a je kasuwa da su, kuma kamfanoni irin su KYB da Monroe da Bilstein suna buga tsawon miƙewa da na tsukewa na kowane samfurinsu. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a nan bai sani ba, domin kuskuren santimita 2 ya isa ya karya ƙarfe.

Ƙarin fallen sifirin yana da tasa ƙaryar. Sifirin da ya ƙara tauri yana ramawa da ƙarfi fiye da wanda aka tsara tsohon shok ya riƙe, shi ya sa a-kori-kurar da aka yi wa ƙari, in ta sauke kaya tana dawowa wayam, bayanta ke tsalle kamar ɗan akuya a kan gargada. Sannan ƙarin bai ƙara wa aksil ko boris ko birki ƙarfi ko kaɗan ba. Hilux an yi ta ne ta ɗauki abin da ya kai kimanin tan 1, wato buhu 10 masu kilo 100, har da direba da fasinjoji a cikin lissafin. Abin da ƙarin falle ya yi shi ne ɓoye alamar da a da ke gaya wa mai lodi ya tsaya.

Akwai ma abin dariya a ciki. A motar da ke da aksil guda a baya, wurin da ya fi kusa da ƙasa shi ne ƙullin tsakiyarsa, wanda bakanikai ke kira difarenshal. Ko an ɗaga jiki da kamu guda, ƙullin nan yana nan inda yake, don a kan taya yake zaune. Girman taya kaɗai ke ɗaga shi, shi ma da rabin abin da aka ƙara a faɗinta. Tudun tsakiyar hanyar nan da ya sa aka kai mota gareji tun farko, zai ci gaba da gaisawa da difarenshal kamar yadda ya saba.

Abin da ɗagawa ke ɗagawa da gaske shi ne cibiyar nauyi. Injiniyoyi suna kimanta saurin kifewar mota da lissafi mai sauƙi: tazarar tayar hagu da ta dama, a raba da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. A ɗauki misalin mota mai tazarar santimita 150 da cibiya a santimita 70, za a samu 1.07. Idan ɗagawa da lodin sama suka kai cibiyar santimita 80, ya faɗo 0.94. Duk yadda lambar ta ragu, haka kifewa ke matsowa. A 2016 mujallar Teknikens Värld ta ƙasar Suwidin ta gwada sabuwar Hilux, wadda ba a taɓa ɗaga ta ba, a gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo hanya, kuma a gudun kusan kilomita 60 a awa tayoyinta biyu suka tashi sama har ta kusa kifewa. Toyota ya yi gyara daga baya. A kan kwalta mai laushi ke nan, da ƙwararren direba a bayan sitiyari. Mai karatu ya kwatanta da tamu, wadda aka ƙara wa tsayi, aka jibga wa buhuna da mutane a sama, shok ya mutu tun bara, sannan saniya ta ɓullo daga gona.

To wane iri za a saya? Zafi ne alƙali. A hanya mai gargada, idan tazarar tudu da tudu rabin mita ce, motar da ke gudun kilomita 40 a awa tana dukan tudu 22 a kowace daƙiƙa. Shok mai bututu biyu, irin wanda ya fi yawa kuma ya fi araha, man cikinsa kan yi zafi ya gauraya da iska ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe fistin. Dalilin ke nan da mota kan fita da safe a natse, bayan rabin awa a burji ta fara iyo. Mai bututu ɗaya, wanda injiniyan Faransa Christian Bourcier de Carbon ya ƙirƙiro, Bilstein na Jamus ya fara sa wa motocin Mercedes a 1957, ya raba mai da iskar naitirojin da wani fistin na biyu, don haka ba ya kumfa, kuma yana saurin huce zafi. Rauninsa shi ne in dutse ya lotsa bututun, fistin ya maƙale. Wanda aikinsa kullum a burji yake da lodi, wannan ya fi dacewa da shi, da ɗan kariya daga tsakuwa. Wanda sai ranar Juma'a ko hutun Sallah yake leƙa gida, mai bututu biyu na ƙwarai da aka auna tsawonsa ya ishe shi. Masu ɗan tanki a gefe da ake yayi yanzu an yi su ne don tseren hamada, kuma a motar da rabin rayuwarta a cunkoson Kabuga take ƙarewa, kwalliya ce da ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Tauri ma ba ƙarfi ba ne, ko da yake haka ake tallarsa. Shok mai tauri fiye da sifirinsa yana hana taya bin ƙasa, ya mayar da dukan ga shasi da ƙashin bayan fasinja. Iyayenmu sun ga shaida a Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna lokacin da kamfanin PAN ya buɗe a 1975, shekarar da ita dai motar ta lashe tseren Safari a Kenya. Ba ta da tsayin Hilux, ba ta ja da ƙafa huɗu, amma ta shiga ƙauyukan da har yau ake tunanin sai babbar mota. Sirrinta doguwar tafiyar taya sama da ƙasa, da laushi, da shok ɗin da Peugeot ke ƙerawa da kansa daidai da sifirin motar.

Mafi sauƙi shi ne a ɗora laifi a kan bakanike, a bar jaki ana dukan taiki. Bakanike abin da aka ce ya yi yake yi, da kuɗin da aka ba shi. Jami'an kiyaye haɗura ma, tsayuwar minti biyu a bakin titi ba za ta nuna musu shok da ya mutu ba. Mai laifin yana cikin masu karanta wannan rubutu: shi ne ke sa hannu a takardar gyaran motar ofis ko ta aikin rigakafi ko ta ɗaukar marasa lafiya, ya amince da kuɗin manyan tayoyi ba tare da tambaya ba, ya soke layin shok ya rubuta a nemo na hannu. Shok na hannu kuwa kaya ne da wani ya cire bayan ya ci rabonsa, kuma danna shi da hannu a bakin shago ba ya nuna yadda zai yi in ya ɗauki zafi, don hannun mutum ba ya kai saurin da taya ke motsa shi. Sabo ma sai an lura, domin jabu na yawo cikin kwali mai sunan manyan kamfanoni.

Wanda zai ɗaga motarsa ya tsaya a santimita 4 ko 5, musamman a gaban Hilux na zamani, inda wuce haka ke karkatar da sandunan da ke juya tayoyin gaba har su riƙa cin robarsu. Ya sayi sifirin da shok tare, waɗanda aka tsara wa juna da kuma nauyin da motar ke ɗauka a zahiri. Ya canza su biyu-biyu, hagu da dama, ya duba tiyon birki taya na rataye, ya sa a sake saita tayoyin gaba. Bakaniken da aka gaya wa haka ya kawo ƙusa da sifana amma bai kawo tef na awo ba, a karɓi makulli a nemi wani garejin.