Bayan An Sallamo Shi Daga Asibiti, Wa Zai Riƙe Wayar?



A damanar bara wani dattijon ikilisiya a yankinmu na Dabawa ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan mako biyu a asibiti aka sallamo shi da ledar magani da wata takarda cikin Turanci, wadda babu mai iya karantawa a gidan. Muka je gaisuwa, muka yi addu'a, muka rera waƙa, muka watse. Da maganin hawan jininsa ya ƙare, iyalinsa suka ɗauka an gama ke nan. Kafin Kirsimeti ciwon ya sake kayar da shi. Ni ma ina cikin waɗanda suka je gaisuwar, ban kuwa tambayi zancen magani ba.

Shanyewar ɓarin jiki ba jifa ba ce, ba kuma iska ba. Jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta. Yawancin jinyar a gida ake yinta. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. A rage gishiri da ɗanɗano a miya. Wanda ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi duk bayan awa 2 don kada kwanciya ta yi masa gyambo. A zaunar da shi kafin a ba shi kunu, gudun shaƙewa. Kada a ja hannun da ya shanye wajen ɗaga shi, kafaɗa takan goce. Watannin farko kuwa su ne jiki ya fi karɓar motsa gaɓoɓi.

Duk wannan ana iya koyar da shi ta wayar salula. Ma'aikacin lafiya ya aiko saƙon murya da Hausa, ko ɗan bidiyo ta WhatsApp mai nuna yadda ake motsa hannu, mai jinya kuma ta aika tambayarta ba sai ta biya kuɗin mota zuwa Katsina ba.

Amma tsohon da harshensa ya yi nauyi ba zai latsa waya ba, matarsa ma ƙaramar waya gare ta. Ga matsalar caji. Ba mu manta ba, a 2021 an rufe layukan waya a Dutsin-Ma da Kurfi na tsawon watanni saboda tsaro. Kuma ta wannan wayar ce masu tallar magani ke alkawarin warkarwa cikin kwana uku.

Wasu dattawa za su ce addu'a ta isa. Addu'a wajibi ce. Sai dai a Markus sura 2, shanyayyen nan bai kai kansa gaban Yesu ba, mutum huɗu ne suka ɗauko shi har suka buɗe rufin ɗaki.

Roƙona ga majalisar dattawa shi ne, kowace ikilisiya ta zaɓi matashi ɗaya mai babbar waya da mace ɗaya daga Zumuntar Mata. Su haɗu da ma'aikacin lafiya na cikin membobinmu, su sauke saƙonnin su ajiye a waya ko da layi ya ɗauke, su kai wa majinyaci gida kowane mako, su duba ledar maganinsa. Kuɗin kati da na'urar awon jini guda a fitar daga baiko. A sa zancen nan a taron wata mai zuwa.