Sanin hanya ma jari ne: Kira ga 'yan kasuwar Kejetia da matasan Zango

Masu iya magana na cewa matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka Kumasi daga Paga, Bawku ko Aflao da kuɗin sari a jikinsa ya san cewa tambayar ma tana da farashi. Da zarar ka tsaya a tsakiyar Kejetia kana waige-waige kana tambayar layin 'yan atamfa, ka riga ka sanar da kowa cewa kai baƙo ne, kuma akwai nauyi a aljihunka. Wannan ne ya sa nake kira ga shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin matasan Zango da su kafa gasar neman hanya a Kejetia, iyayen gida kuma su saki yaransu su shiga.

Ga wanda bai taɓa jin labarinta ba, gasar neman hanya ta samo asali ne daga horon sojoji a ƙasar Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a 1897 aka yi ta farko ta farar hula a Norwe. A 1961 aka kafa mata hukuma ta duniya. Tsarinta ba wuya. Ana ba mutum taswira da kamfas, irin wanda muke duba alƙibla da shi. A jikin taswirar an yi alamar wasu wurare, a kowane wuri kuma an kafa 'yar tuta. Mai gasa zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya yi shaidar ya iso kowanne, wanda ya gama cikin lokaci mafi ƙanƙanta shi ne gwani. Ba wanda zai nuna maka hanya, kai za ka zaɓa. Sau da yawa mai natsuwa kan kayar da mai gudu. A daji aka fara ta, amma daga baya ta shigo gari: an daɗe ana yin ta a lungunan birnin Fenis na Italiya, Landan ma ta fara tata a 2008.

Wani zai ce wannan ai wasan Turawa ne da ba su da aikin yi. To ya tuna da kakanninmu fatake, waɗanda suka yi ta sintiri tsakanin Kano da Gwanja da jakuna, suna kai kanwa da tufafi suna komowa da goro. Kowane ayari yana da madugu, amma a gaban madugu akwai jagaba, wanda ya san mashigin kogi, da mashaya, da zangon da za a kwana, da hanyar da 'yan fashi ke tarewa. Watanni ake yi a tafe, kuma dukiyar ayari da rayukansa suna rataye ne a kan abin da ke cikin kan mutum guda. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya warwatsa 'yan kasuwa, irin wannan sani ne ya kai su sababbin kasuwanni, har zangon Kumasi ya cika ya batse. Ashe sanin hanya gadonmu ne, mu muka yi sakaci da shi.

Kejetia ta yau kuwa ba wadda dattawanmu suka haddace ba ce. A 2015 aka soma sabon gini, wanda kamfanin Contracta na ƙasar Brazil ya yi, mai hawa-hawa da shaguna sama da 8,000, ga tashar mota a haɗe, har jama'a suka laƙaba masa suna Dubai. A 2019 aka aza harsashin kashi na biyu a filin tsohuwar babbar kasuwa, aka kwashe 'yan kasuwa da yawa zuwa wasu wurare. Alamomin da aka saba kwatance da su, rumfar wane, kwanar wance, duk sun kau. Mutumin da ya shekara 30 yana sari a nan sai ka gan shi yana bin ɗan dako a baya kamar makaho da ɗan jagora.

Asarar lokaci da kuɗin jagora duk masu sauƙi ne. Babban abin tsoro shi ne gobara. A watan Maris na 2023 wuta ta ci shaguna a sabon ginin na Kejetia, har aka rufe kasuwar na wasu kwanaki. A Maris na 2025 wata ta tashi a Adum, maƙwabciyar Kejetia, ta yi mummunar ɓarna, kuma cunkoson rumfuna ya wahalar da 'yan kwana-kwana wajen isa inda wutar take. 'Yan'uwanmu na Kano ba su manta da ta kasuwar Sabon Gari a 2016 ba. Ranar da hayaƙi ya turnuƙe, lantarki ya ɗauke, kowa na ta kansa, wa za ka tambaya? Wayar hannun da muke taƙama da ita tana iya kai ka bakin kasuwa, amma ba ta san matakalar da ke bayan shagonka ba. A wannan rana wanda ya san ƙofa uku ya fi wanda ya san ɗaya.

Shirya gasar ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A nemi izinin hukumar birnin Kumasi da masu kula da kasuwar. A zaɓi safiyar Lahadi, lokacin da cinkoso ya ragu. A roƙi taswirar ginin a buga ta a takarda, a sa tutoci a wuraren da sanin su ke da amfani: ƙofofin fita, matakalu, inda aka ajiye kayan kashe gobara, ofishin 'yan sanda, ɗakin shan magani da masallaci. A hana gudu a kan matakala. A yi rukunin yaran shago, da na 'yan mata masu dako, waɗanda ƙila su ba maza kunya don sun fi kowa sanin lungu, da na dattawa da za su taka a hankali. Idan abin ya kankama, sai a faɗaɗa shi ya fita waje, daga Alabar zuwa Aboabo da Asawase, a haɗa da fadar Manhyia da asibitin Komfo Anokye. A gayyato matasan Asante su ma, domin wuta ba ta tambayar ƙabila. Kyauta kuwa, turmin atamfa ko buhun shinkafa daga wani attajiri ya wadatar.

Ku iyayen gida, kada ku ga kamar yaro ya ɓata muku rabin yini. Yaron da ya iya karanta taswira, ya iya yanke shawara shi kaɗai cikin gaggawa, shi ne gobe za ka aika Cinkasse ko Malanville da kaya ka kwanta ka yi barci. Ku kuma baƙi masu zuwa sari, in kun tarar ana yi, ku karɓi takarda ku gwada, ku koma da dabarar Jibiya, Illela da Maigatari, don kowace kasuwa da nata lungunan.

Da ɗan gari akan ci gari, amma sai ɗan garin ya san garinsa. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da rayukanmu, Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan shawara, amin.